Babi na Shida: Abin da Ke Cikin Faifan Fulofi

Jirgin ƙasa ya isa Nguru daga Kano a 1930, ya ratsa ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Tashar da aka kafa a Gagarawa ita ce ta zama ƙofar ƙasar Gumel zuwa kasuwar duniya, kuma ita ta ba wa garin da ya taso gefenta suna, Gagarawa Tasha. Gyaɗa da ƙaro da fatu duk ta nan suka riƙa fita. Duk buhun da aka ɗora a kan sikeli sai akawu ya rubuta shi da tawada, haka kuɗin haraji da jangali da hukuncin alƙali. Wani ɓangare na takardun wancan zamani yana nan har yau a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Takardar ta yi ja, gefenta ya kakkarye, amma mai ido zai buɗe ya karanta ba tare da neman wata na'ura ba.

Yanzu a kwatanta da abin da aka rubuta shekara sittin da wani abu bayan haka. An ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, daidai lokacin da kwamfuta ta fara shiga ofisoshin Arewa tana ture tafireta. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, jihar ta yi suna wajen rungumar wannan fasaha: aka kafa cibiyar koyar da kwamfuta a Kazaure, aka kafa kamfanin Galaxy a Dutse, matasa suka yi ta koyon buga takardu. Shagunan buga takardu, waɗanda kowa ke kira bizines santa, suka bazu a garuruwa irin su Gumel, musamman kusa da Kwalejin Ilimi da sakatariya. Jerin sunayen ma'aikata da albashinsu, takardar neman kwangila, furojet ɗin ɗalibi, rahoton taron ƙungiyar gari, tarihin sarauta da wani malamin makaranta ya tattaro daga bakin tsofaffi, duk a kwamfuta aka buga su. Kuma tun daga farkon shekarun 1990 har zuwa wajen 2005, lokacin da filashi ya yi araha, abin da ake ajiye su a kai shi ne faifan fulofi, wanda masu shago ke ce wa disket.

Abin da nake so mai karatu ya tsaya ya duba ke nan. Rasitin gyaɗa na 1935 ya fi kusa da tsira a kan rahoton 1998. Shekaru goma sha biyar na farkon jihar, lokacin da mutanen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar suka fara buga labarinsu da hannunsu, suna kwance a kan abin da ya fi kowanne rauni cikin duk abubuwan da aka taɓa rubutu a kai a ƙasar nan. Za a ce ai an buga su a takarda. An buga, kwafi ɗaya ko biyu, aka kai ofis, aka sauya ofis sau uku, gara da yoyon damina suka yi nasu aikin. Sau da yawa disket ɗin da ke cikin durowar mai shago shi kaɗai ya rage.

Kamfanin IBM ne ya fito da faifan fulofi a 1971, mai faɗin inci 8. A 1976 kamfanin Shugart ya kawo mai inci 5 da kwata, wanda yake lanƙwasuwa a hannu. Mai inci 3 da rabi, wanda mu muka fi sani, Sony ne ya fito da shi a farkon shekarun 1980, sannan a 1987 nau'insa mai ɗaukar megabait 1.44 ya zama gama-gari. Apple ya fitar da kwamfutar iMac a 1998 ba tare da ramin fulofi ba, Sony kuma ya daina sayar da sabon faifai a Maris 2011. Duk da haka abin bai mutu nan take ba. Sai a 2019 rundunar sojan saman Amurka ta daina amfani da mai inci 8 a tsarin aika umarni na makaman nukiliya, gwamnatin Japan kuwa sai a tsakiyar 2024 ta soke dokokin da ke tilasta miƙa takardu a kan fulofi. Amma sabo ya ƙare, masana'anta ta rufe, abin da ke hannun mutane shi ke nan.

Ɗauki guda ɗaya ka riƙe. Abin da kake taɓawa kwanso ne na roba. Ka ja ƙyauren ƙarfen da ke samansa gefe da babban yatsa, za ka ga wani siririn faifai mai ruwan ƙasa-ƙasa yana ƙyalli. Shi ne ainihin abin. Leda ce mai ƙarfi da aka shafe ta da garin ƙarfe mai ɗaukar maganaɗisu, aka haɗa da wani irin danƙo da ke riƙe garin a jikinta. Rubutun yana jere a zagaye-zagaye kamar kunyoyin gona, kunya 80 a kowace fuska, kowace kunya an yanka ta gida 18, kowane gida yana cin bait 512. In ka lissafa fuska biyu, gidaje 2,880 ke nan, bait 1,474,560. Hoto ɗaya da wayar zamani ke ɗauka ba zai shiga ba, amma littafin Hausa guda zai shiga har da saura. Filashi mai gigabait 16 zai haɗiye disket sama da 10,000. Ma'ana, duk abin da shagunan gari guda suka tara a shekara goma ba zai cika abin da ke rataye jikin makullin babur ba.

Raunin faifan yana wajen karantawa. Idan aka zura shi a na'ura, yana juyawa sau 300 a minti ɗaya, kuma kan da ke karanta shi ba shawagi yake a sama ba, goga jikinsa yake yi, sama da ƙasa. Duk wata ƙwayar rairayi da ta shiga tsakani sai ta ja layi. Yanayinmu kuwa kamar an tsara shi don lalata irin wannan abu. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, har cikin kabad da aka kulle. Zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40 a inuwa, a ɗakin kwano kuwa ya fi haka nesa, kuma zafi yana sassauta danƙon da ke riƙe garin ƙarfen. Damina ta zo, laima ta shiga adaka, fumfuna ta tsiro a kan faifan da kuma ƙyallen da ke shimfiɗe cikin kwanson. Sai kuma maganaɗisu: disket ɗin da aka ɗora a kan sifika ko aka ajiye kusa da injin fanka na iya rasa rubutunsa ba tare da an ga wani tabo ba.

Saboda haka aikin farko ba na kwamfuta ba ne. Ana shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a kan tebur, a jera faifan, a ba kowanne lamba, a ɗauki hoton takardar da ke manne a goshinsa da waya kafin a yi komai. Wannan takarda, da rubutun biro da aka soke aka sake, sau da yawa ita kaɗai ce shaidar abin da ke ciki. Sannan a juya bayan faifan. A kusurwa akwai wani ɗan ƙaramin maɓalli da ake turawa da farce. In aka tura shi har rami ya buɗe, ana ganin haske ta ciki, an kulle faifan ke nan, na'ura za ta karanta amma ba za ta iya rubuta komai a kai ba. Kada a zura ko ɗaya sai an yi wannan. Ramin da ke ɗaya kusurwar, wanda ba shi da maɓalli, alama ce ta cewa faifan mai megabait 1.44 ne, wanda ba shi da shi mai kilobait 720 ne. Ga tsohon mai inci 5 da kwata kuwa, abin a juye yake: rufe tsagar da ke gefensa da salatif ake yi don a kulle shi.

Daga nan sai a ja ƙyauren, a sa yatsa a kan cibiyar ƙarfen da ke baya, a juya a hankali ana duban fuskar faifan a haske. Mai lafiya yana ƙyalli bai ɗaya. Mai fumfuna yana da ɗigo-ɗigo fari ko toka-toka, wani lokaci har da warin rima. Wanda aka ji yana cijewa, ba ya juyawa, a ajiye shi gefe. Mai fumfuna kuma kada a kai shi kusa da na'ura, domin zai shafa wa kan karatun datti, dattin kuma ya kankare faifan da zai biyo baya. Ana goge shi da auduga da sifirit mai kyau, a hankali, ana juyawa ana shafawa, a bar shi ya bushe sarai. Kan na'urar ma haka ake goge shi bayan kowane faifai da ake zargi. Aiki ne na haƙuri, wanda mai gaggawa bai dace da shi ba.

Na'urar karantawa iri biyu ce. Akwai ƙarama mai igiyar USB, wadda Windows na yanzu yake ganewa, kuma mai nema zai iya cigiyarta wajen masu kayan kwamfuta a Kano, kamar na titin Beirut, ko ya yi odarta. Ita tana karanta faifan da aka tsara a kwamfutar IBM da danginta, wato mafi yawan abin da ke ƙasarmu. Amma ba ta gane faifan tsohuwar Macintosh mai kilobait 800 ko na Amiga mai kilobait 880, irin waɗanda wasu 'yan boko suka dawo da su daga karatu a Ingila. Ga irin waɗannan, da kuma faifan da ya ƙi karantuwa, ana buƙatar tsohuwar na'urar fulofi ta cikin kwamfutar tebur, mai faffaɗar igiya mai ƙafa 34, a haɗa ta da wani ɗan allo irin Greaseweazle ko KryoFlux. Wannan allo ba ruwansa da fayil. Yana naɗar motsin maganaɗisun ne kansa yadda yake a jikin faifan, daga baya a zauna a warware. Shi ya sa nake roƙon masu gyaran kwamfuta na Gumel da Maigatari: tsofaffin kwamfutocin tebur da ake sayar wa 'yan gwangwan a kilo, a cire na'urar fulofinsu da igiyarta kafin a ɗora a sikeli. Ba a ƙera wasu.

Akwai kuskure ɗaya da ya fi ƙura da fumfuna ɓarna. Idan kwamfuta ta kasa karanta faifai, sai ta fito da tambaya ko a yi masa fomat. Yaron shago da ya saba da filashi yakan danna "eh" don a wuce wurin. Fomat share faifan yake yi. Amsar a kullum "a'a" ce, kuma haka ga duk wani tayin gyara da kwamfuta za ta yi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Faifan da aka cire aka mayar cikin akwati yana da sauran dama, wanda aka yi wa fomat kuwa da wuya.

Yadda ake kwafewa ma akwai hanya. Abin da kowa ya sani shi ne ya buɗe faifan, ya ja fayilolin zuwa kwamfuta. Wannan ya fi babu, amma akwai wanda ya fi shi: a ɗauki hoton faifan gaba ɗaya, gida bayan gida, duk 2,880, a zuba su cikin fayil guda. Manhajar WinImage tana yin haka a Windows, a Linux kuma akwai ddrescue, wadda take tsallake gidan da ya lalace ta kwashe masu kyau tukuna, sannan ta dawo ta sake gwada masu matsalar. Amfanin wannan biyu ne. Na farko, tsohon faifai wani lokaci sau ɗaya kawai zai yarda a karanta shi kafin garin ƙarfen ya fara zuba, don haka gara a kwashe komai a zagayen farko. Na biyu, fayil ɗin da aka goge tun 1999 yawanci yana nan. Tsarin DOS na kwamfutocin wancan zamani ba ya share rubutun, harafin farko na sunan fayil kawai yake sauyawa, ya ce wurin ya zama fili. In ba a rubuta wani abu a kai ba, ana iya dawo da shi daga cikin hoton. A tuna kuma da cutar kwamfuta, domin fulofi shi ne babbar hanyarta a wancan zamani. Bairos na farko da ya kama kwamfutocin IBM da danginsu, mai suna Brain, daga Lahore ta Pakistan ya fito a 1986, ta kan disket. A binciki duk abin da aka kwaso kafin a buɗe.

To an kwaso. Sai a tarar da fayil mai suna kamar ALBASH98.WK1 ko TARIHI2.WPD, domin DOS ba ya yarda suna ya wuce harafi takwas da ɗigo da uku. Na farko na Lotus 1-2-3 ne, na biyu na WordPerfect. Manhajar LibreOffice, wadda kyauta ce, tana buɗe da yawa daga irin waɗannan, daga nan a mayar da su PDF da kuma rubutu tsura. Kada a yarda da kwanan watan da ke jikin fayil ido rufe: kwamfutar da batirin agogonta ya mutu takan koma 1 ga Janairu 1980, kuma a garin da wuta ke zuwa tana tafiya irin wannan ba baƙon abu ba ne.

Rubutun Hausa yana da tasa matsalar ta daban. A wancan lokaci kwamfuta ba ta da haruffa masu ƙugiya. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsara zubin haruffa, ciki har da mai suna Rabi'at, wanda ya ɗora ɓ da ɗ da ƙ a kan maɓallan wasu alamomi da Hausa ba ta cika amfani da su ba. Marubuta da masu ɗab'i suka yi ta aiki da shi. Idan ka buɗe irin wannan fayil yau a kwamfutar da ba ta da zubin, za ka ga }asa a inda aka rubuta ƙasa, ]aya a maimakon ɗaya, ~era a maimakon ɓera. Wanda bai sani ba sai ya ce fayil ɗin ya lalace, ya goge. Lafiyarsa ƙalau. Umarnin nema da musanyawa sau shida, uku na ƙananan haruffa uku na manya, ya mayar da littafi guda daidai. Wannan ya shafi duk mai neman ainihin rubutun littattafan adabin kasuwar Kano na shekarun 1990, waɗanda bugunsu na takarda ya riga ya ƙare a kasuwa.

Na taɓa zama da wani dattijo da ya yi aikin buga takardu a wata sakatariya, jikansa yana zura faifai shi kuma yana kallon allo. Wani fayil ya buɗe, jerin sunaye ne da lambobi, ba kai ba gindi. Yaron ya ce, "Baba, wannan shirme ne, in wuce?" Tsohon ya matso da tabarau, ya ce, "Tsaya, ɗan nan. Wannan rabon taki ne na shekarar da aka yi fari. Lambar farko mazaɓa ce, ta biyu buhu." Ba wata manhaja da za ta faɗi haka. Mutanen da suka buga waɗannan takardu suna da shekara ashirin da biyar ko talatin a lokacin, yanzu sun doshi sittin ko sun haura, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Su ma ana tsere da lokaci a kansu kamar yadda ake yi da faifan. Don haka a zauna da su yayin kwafewa, a rubuta abin da suka ce a littafi, lamba da lamba: faifai na kaza, na wane ofis ne, wace shekara, wa ya kawo aikin.

Kada a raina abin da za a samu. A 2014 wasu 'yan ƙungiyar kwamfuta ta Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka suka ciro zane-zanen da Andy Warhol ya yi a kwamfutar Amiga a 1985, daga faifan da suka kusa shekara talatin a ajiye ba wanda ya san abin da ke ciki. Namu ba zanen mashahuri ba ne, amma ga mai binciken tarihin ƙasar Gumel, farashin raƙumi da sa a kasuwar Alhamis ta Maigatari, ko sunayen malaman firamare na Sule Tankarkar a shekarar da aka koma mulkin farar hula, sun fi masa zanen daraja. Ga iyali kuwa, wasiƙar mahaifi ko lissafin gonakinsa na iya kashe rigimar gado.

Nan ne maganar amana ta shigo. Mai shago ya riƙe faifan, amma abin da ke ciki na masu kawo aiki ne: takardar saki, ƙorafin ma'aikaci a kan shugabansa, bashin da wani ya ci. Ba a baza irin wannan a WhatsApp don an same shi. Na mamaci, magadansa ake tuntuɓa. Na ofis, izinin ofishin ake nema a rubuce, kuma kwafin farko nasu ne. Wanda ya shafi tarihin jama'a, bayan an sami yardar masu shi, ya kamata a kai kwafi inda masu bincike ke zuwa, kamar laburaren Kwalejin Ilimi ta Gumel ko Gidan Arewa a Kaduna, tare da littafin bayanin da aka rubuta.

Kwafin kansa kada ya zama ɗaya. Filashi ma yana mantuwa in ya daɗe ba a jona shi ba, kuma ya fi disket saurin ɓacewa. A yi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a wani faifai na daban da za a ajiye a wani gida, ɗaya a intanet, a riƙa buɗe su ana dubawa duk shekara. Takardun da suka fi muhimmanci a buga su a takarda mai kyau a ɗinke. Faifan asali kuwa, har waɗanda suka ƙi karantuwa, a jera su a tsaye cikin akwatin roba mai murfi, a ɗakin ƙasa mai sanyi, nesa da rediyo da janareto, a liƙa wa masu matsalar alama don ranar da aka sami allon da ke naɗar maganaɗisu a fara da su.